Rijiyar Gidan Dogo

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran Mai Rijiya da suna Guntu, shi ne abokin aikinsa Dogo. Tun suna samari suke haƙa tare. In ɗaya yana ƙasa da diga, ɗayan yana sama yana janyo bokitin ƙasa, in an gaji a yi canji. Dogo kan ce Allah ya riga ya rage wa Guntu aiki, tunda ko a tsaye yake ya fi kowa kusa da ruwa. Shi kuma ya ce asarar igiya ake yi a kan Dogo, don in ya miƙe sosai a ƙasan rijiya kansa zai leƙo waje.

Ran da abin ya faru Dogo ne a ƙasa. Wata rijiya ce a bayan gari, cikin ƙasa mai yashi, sun riga sun wuce inda zoben siminti ya tsaya. Mai Rijiya yana juye bokiti ya ji wani sauti mai nauyi, kamar an saki buhu daga kafaɗa. Da ya leƙa, babu Dogo, babu diga, sai yashi yana ta gangarowa a hankali. Ya sauka ya shiga tonawa da hannu. Yana tonawa yana jin muryar daga ƙarƙashinsa, a danne: "Guntu. Guntu." Ba ihu ba ne. Kira ne kawai, irin na mai so a miƙo masa wani abu. Kafin mutane su taru a kai gare shi, kiran ya daɗe da tsayawa.

Aka yi jana'iza a coci, aka binne shi. Mai Rijiya yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, bai yi kuka ba, har mutane suna yaba ƙarfin zuciyarsa.

Bayan 'yan makonni, wata rana da tsakar rana, ya buɗe randa zai ɗebi ruwa. Ruwan ya yi ƙasa, sai da ya sunkuya ya zura hannu da kofi. Daga cikin randar aka ce, "Guntu."

Ya mayar da murfin a hankali. Ya tsaya yana kallon tsakar gida. Kaji suna kiwonsu, wanki yana shanye a igiya, matarsa tana tsintar tsakuwa a cikin hatsi a ƙofar ɗaki.

"Ba ka sha ruwan ba, Maigida," in ji ta.

"Ƙishin ya wuce."

Daga ranar abin bai ƙara barinsa ba. Ba kullum ba ne, kuma bai taɓa zuwa sa'ad da yake jiransa ba. Yakan fito daga makwararar banɗaki yana cikin wanka. Yakan fito daga kwalbatin bakin titi, motoci na wucewa, mai kanti na zuba ruwa a gaban shagonsa. Duk inda akwai rami da duhu a ciki. Muryar ba ta fushi, ba ta roƙo, kuma ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan sunan. Da ya ji, sai ƙirjinsa ya hau bugawa har cikin haƙoransa, tafin hannunsa ya jiƙe.

Ya jingine diga a bayan ɗaki. Ya nemi aikin lebura a wajen wani gini, aka sa shi haƙar harsashi. Ramin bai kai gwiwarsa ba ya fito ya tafi gida. Rijiyar gidansu kuwa ya sa ƙusa ya kafe murfinta, matarsa ta koma ɗaukar bokiti zuwa famfon unguwa. In yara suka makara daga makaranta, sai ya bi hanya yana leƙa duk wani rami, ya dawo ya same su a gida suna cin abinci.

Da matarsa ta matsa, ya gaya mata. Ta kira Fasto, ya zo ya yi addu'a mai tsawo, ya ɗora masa hannu a ka. Kwanaki suka wuce shiru, har Mai Rijiya ya fara cin abinci da kyau. Ran Lahadi suka je coci. A gaban cocin, kusa da inda Fasto ke tsayawa, akwai kwarmin da ake nutsa mutane cikin ruwa ran baftisma, a rufe da katako, babu ruwa. Ana tsakiyar waƙa, mata suna tafi, sai ya ji daga ƙarƙashin katakon, ƙasa ƙasa, a tsakanin baiti da baiti. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Kowa bakinsa a buɗe yana waƙa. Ya fita ta ƙofar gefe, bai ƙara komawa ba.

Baba Maƙeri ne ya biyo sawunsa. Dattijo ne a cocinsu, kuma shi yake wasa musu bakin diga tun suna koyon sana'a. Ya zo da la'asar, ya zauna a kan benci, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Na ga digarka a bayan ɗaki, tsatsa na cinta. Ni ka yi wa yaji ko ita?"

Mai Rijiya ya yi murmushin dole. Sannan ya faɗa masa komai, har da na cikin coci. "Baba, in har a ɗakin Allah ma yana iya samuna, ina kuma zan je?"

"Me yake cewa?"

"Sunana kawai."

"To, mene ne abin da kake tsoro a ciki? Ai muryar abokinka ce."

Da Mai Rijiya ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa. "Gani nake har yanzu yana can. Mun ciro jikin, na sani, da hannuna na share masa yashi a fuska. Amma gani nake shi kansa yana can cikin duhu shi kaɗai, yana kira, yana jira."

Baba Maƙeri ya jujjuya hularsa. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana. Ban san abin da ke kiranka ba. Ko kunnenka ne ya riƙe abin da ya ji ran nan, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Amma na san inda Dogo yake, ba kuwa cikin yashi ba. Yesu da muke bi, shi ma an sa shi cikin rami an rufe da dutse. Ya san duhun wurin. Dogo bai yi ko numfashi ɗaya a can shi kaɗai ba." Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "Kuma ka daina jira sai tsoron ya tafi kafin ka yi addu'a. Ka yi ta da rawar jikin. Allah yana jin mai rawar jiki."

Rani ya yi nisa, rijiyoyi suka fara janyewa. Wata safiya matar Dogo ta yi sallama. Ta rame, amma fuskarta a sake take. Ta gaisa da matar gidan, ta tambayi yara, sannan ta juyo gare shi.

"Yaya, rijiyarmu ta koma laka. Guga ba ya kawo komai sai baƙin ruwa. Yashewa take so."

"Akwai masu yi da yawa a gari."

"Akwai. Amma ku biyu kuka haƙa ta shekarar da aka kawo ni gidan. Ba na so baƙo ya shiga." Ta gyara ɗankwalinta. "Na ji abin da ke damunka. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Bayan ta tafi ya zaga bayan ɗaki ya tsaya a kan digar. Washegari ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi maƙera.

Hantsi ya ɗaga lokacin da suka taru a gidan Dogo. Baba Maƙeri da wani maƙwabci suka gitta gungume a bakin rijiyar, suka zarga igiya. Mai Rijiya ya kunna kyandir a cikin bokiti ya zura shi ƙasa don ya ga ko iskar ciki tana da kyau. Wutar ta sauka tana ƙanƙancewa, ta kai ƙasa, ba ta mutu ba. A ransa ya so ta mutu. Ya ɗaura igiya a ƙugu, matarsa ta ƙarasa masa ƙullin. Baba Maƙeri ya yi gajeriyar addu'a, suka ce amin.

"In ka ja igiya, za mu ɗago ka nan take," in ji dattijon. "Babu kunya a ciki."

Ya fara sauka. Ramukan taka ƙafa da ke jikin bango Dogo ne ya sassaƙa su, daidai tsawon ƙafarsa, don haka sai Mai Rijiya ya miƙe sosai kafin yatsunsa su sami na gaba. A da yakan zage shi a kan wannan. Zafin rana ya ragu, sanyi ya fara taso masa daga ƙasa, da warin tsohuwar laka. Muryoyin sama suka yi nisa. Ƙafarsa ta nutse cikin taɓo har ƙauri.

Ya ɗaga kai. Sararin sama ya koma kamar bakin kofi, da kawuna baƙaƙe a gefensa. Ya cika bokiti, aka janye, aka dawo da shi. Ya sake cikawa. Babu abin da yake ji sai numfashinsa da ɗigar ruwa daga bango.

Yana sunkuye a kan shebur aka kira shi.

"Guntu."

Wannan karon ba daga ƙarƙashi ba ne. Daga bayansa ne, dab da kunnensa, a wurin da babu sararin da mutum na biyu zai tsaya. Kyandir ɗin da ya kafa a jikin bango ya kwantar da harshensa gefe ɗaya, ya sake miƙewa.

Ya durƙusa cikin lakar. Hannunsa ya kama igiya. Ya riƙe ta, bai ja ba. Duk addu'o'in da ya haddace tun yana yaro suka watse, babu ko ɗaya.

"Yesu," ya ce. "Ina jin tsoro. Ga ni nan, ina jin tsoro."

"Guntu."

"Ka san wurin nan," ya ci gaba da addu'a. "Ka riga ni shiga. Kada ka bar ni."

Daga sama ya ji matarsa ta ɗauko wata waƙar coci, tsohuwa, wadda ake yi a hankali. Muryarta ba ta da daɗi sosai, kuma rijiyar tana lanƙwasa ta kafin ta iso, amma ya gane ta. Matar Dogo ta kama mata. Ya saurara har numfashinsa ya fara shiga ƙirji. Bai juya ba. Ya yi magana yana kallon bangon da ke gabansa.

"Dogo yana wurin Ubangijinsa. In kai ne, abokina, ka huta, an riga an ɗauke ka. In ba kai ba ne, ba ni da abin da zan ba ka. Aiki na zo yi."

Sai kuka ya zo masa, wanda bai yi ba ran jana'iza. Ya yi shi a durƙushe, goshinsa a jikin bango mai sanyi, har ya ishe shi. Sannan ya share fuska da bayan hannu, ya shafa mata laka, ya ɗauki shebur.

An sake kiransa kafin ya gama, can nesa, kamar daga cikin bango. Gabansa ya faɗi kamar kullum. Ya ce, "Ubangiji, kana nan," ya ci gaba da cika bokiti. Da ya kwashe lakar ya kai ga tsakuwa, ya sa diga ya buɗe idon ruwan. Ruwa ya fara tsattsafowa mai sanyi, ya rufe masa idon sawu, ya kama hanyar gwiwa. A lokacin ne ya ja igiya.

Da ya fito, hasken rana ya sa ya runtse ido. Matar Dogo ta kawo masa ruwan wanke jiki, ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Baba Maƙeri yana naɗe igiya ya ce ashe gajere ma yana da nauyi, kafaɗarsa ta shaida.

A hanyar gida matarsa tana ɗauke da bokiti da shebur, shi yana saɓe da diga.

"Me ya sa kika fara waƙa?" ya tambaye ta.

Ta ci gaba da tafiya, idonta a kan hanya. "Na ji kana magana a ƙasa."

"Addu'a nake yi."

"Na ji addu'ar." Ta sauya wa bokitin hannu. "Kafin ita nake nufi. Na ɗauka na ji wani abu. Wataƙila amsa-kuwwa ce, rijiya takan yi haka. Ni ma tsoro ne ya kama ni, Maigida. Ban san abin da zan yi ba, shi ne na yi waƙar."

Bai tambaye ta abin da ta ji ba, ita ma ba ta ƙara ba. Suka ratsa ta gaban shagon tela, telan ya ɗago kai daga kekensa ya dubi Mai Rijiya, laka tun daga gashi har ƙafa.

"A'a, an koma ruwa ke nan? Rijiyarmu ma ta ƙafe. Yaushe za ka leƙo?"

Mai Rijiya ya dubi matarsa. Har yanzu hannunsa bai daina rawa a kan ƙotar digar ba.

"Jibi, in Allah ya kai mu," ya ce. "Ka nemo mutum biyu masu ƙarfi da za su riƙe igiya."

"Ni ma zan zo," in ji matarsa.