Ƙafar da ke Cikin Kiɗan Auta

Auta ya turo min sabon haɗin kiɗansa ana tsaka da aiki a shagon ɗinkin Baba. Ƙanena ne. Bayan rasuwar Umma ya ajiye almakashi, ya tafi wani gari mai nisa wai zai riƙa haɗa kiɗa da kwamfuta. Tun daga ranar Baba ya daina kama sunansa. In yaron ya kira waya, sai Baba ya tuna akwai zaren da zai sayo.

A ƙasan saƙon ya rubuta abin da ya saba rubutawa: "Yaya, Baba ya ji kuwa?"

Ni dai gaskiya ban taɓa gane kan kiɗan nan ba. Ba waƙa, ba murya, dum-dum-dum kawai, abu ɗaya sama da awa guda, wai a can har rawa ake yi da shi. Amma kewar yaron ta ishe ni, ko tarinsa ya turo zan saurara. Na jona wayar da lasifikar shago.

Mai Guga, wanda ke goge mana kayan da aka ɗinka, shi ne ya fara magana.

"Uwar ɗakina, lasifikar nan ta lalace."

"Haka kiɗan yake."

"To yaushe za a fara?"

"An fara tun ɗazu."

Wata mata da ke jiran rigarta ta ce ita kam injin niƙan layinsu ya fi mata wannan, shi ko ba komai yana ba da gari. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Baba yana teburin yanka, ya ba mu baya, alli a hannunsa. Bai ce a kashe ba, bai ce a bari ba.

Kiɗan ya yi ta tafiya. Mai Guga da ya gama kushewa, sai ga shi yana danna dutsen guga daidai da bugun, bai ma sani ba. Can wajen tsakiya gangar ta ja baya, wani sauti ya shigo a hankali: caka-caka-caka, ya ɗan tsaya, ya ci gaba.

"Ka ji wani ikon Allah," in ji Mai Guga. "Keken ɗinki ne fa. Yaro ya guji keke, ya je yana sa mutane rawa da ƙarar keke."

Baba ya ajiye alli.

"Ƙara sauti," ya ce.

Na ƙara. Na dubi tsohon keken ƙafa da ke lungu, lulluɓe da ƙyalle tun da muka koma na lantarki.

"Kekenka ne, Baba."

"Keken dai nawa ne. Ƙafar ba tawa ba ce." Har yanzu bai juyo ba. "Ni ba na tsayawa a tsakiyar layi. Saurara. Ta taka, ta taka, sai ta ɗaga ƙafa ta gyara gilashinta. Kullum sai na yi mata faɗa, na ce ɗinkin zai karkace."

Sai na ji ta. Umma ce. Na tuna yadda Auta ke zama kusa da ita a shekararta ta ƙarshe, waya a cinya, Baba yana ce masa rago. Ashe ɗaukar ƙarar kekenta yake yi a wayar.

Mai rigar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin jakarta. Gangar ta dawo, ta rufe ƙarar keken.

"Mayar da shi baya," in ji Baba.

Na mayar. Ya sake cewa in mayar. Ni kaina ina son in ce Umma ta ɗago ta dube mu ko sau ɗaya ne.

Daga baya ya gyara murya. "Ki tambaye shi ko yana da saura. Wanda ba ganga a kai."

"Ba ni zan tambaya ba, Baba."

Na danna lambar, na miƙa masa wayar. Ya tsaya yana kallon ta, har na ɗauka zai tuna da zare. Sai ya goge allin hannunsa a jikin riga, ya karɓa da hannu biyu.

Muryar Auta ta fito a lasifika, kowa yana ji. "Yaya? Baba ya ji kuwa?"

"Ya ji," in ji Baba.