Takardar Hamisu

Shekara biyu ke nan Ummukulsum tana maguɗi a wasan nan, kuma a zatonta ba wanda ya sani.

Murtala ne ya kawo wasan, ɗan baffanta da ke koyarwa a sakandare, tun daga jami'a a Sakkwato ya taho da shi. Duk Asabar bayan la'asar sai su zauna a zauren gidansu a Anka, shi da abokinsa Surajo da ƙanenta Mas'ud. Murtala ya ja labari, kowa da mutuminsa a ciki, a jefa dayis irin na lido a ga abin da zai faru. Kowane mutum da takardarsa: sunansa, ƙarfinsa, abin da ke cikin jakarsa, da kuma ransa, wanda lamba ce da ake rubutawa da fensir. In an ji masa ciwo a goge a rage. In ta kai sifili ya mutu ke nan, sai a ƙirƙiri wani.

Surajo a waya yake ajiye tasa, da 'yar taƙamarsa. Mas'ud kuwa lamba ba ta zama a kansa, karatu ma da ƙyar. Yana ɗan shekara huɗu suna zaune a Abare, ana niƙa duwatsun zinari a tsakar gida, ƙurar dalma ta shiga jikin yara. Shi ya rayu, sai dai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ƙanensu Hamisu, wanda Ummukulsum ke yini da shi a bayanta cikin ƙurar nan, bai kai labari ba.

Don haka ita ke riƙe wa Mas'ud takarda, tana zaune a bakin ƙofar zaure ta cikin gida. Ran da aka ce ya raɗa wa mutuminsa suna, ko tunani bai yi ba ya ce Hamisu. Makiyayi ne a labarin, dogo, mai sanda, har da gemu.

Yo don Allah ta yaya za ta rubuta sifili a gaban wannan suna? Da lamba ta sauko biyu ko uku sai ta sunkuyar da kai, ta sa kilina ta goge, ta mayar bakwai. Mutanen Surajo har uku suka mutu, Hamisu na nan garau. Wurin lambar ya sha guga har ya huje, ta manna wata 'yar takarda ta baya.

Sai aka sa ranar aurenta, Gummi za a kai ta. Ana ta maganar kayan ɗaki, ita takarda ce a ranta. Surajo ya ce a zuba Hamisu a wayarsa kawai a huta. Mas'ud ya ƙi.

Asabar ta ƙarshe kafin biki ya shigo zaure da gwangwanin madara. Ya zazzage a tabarma: ƙwallayen dabino goma sha biyu, da igiya mai ƙulli huɗu, da tsinken ashana.

"Wannan ransa ne," ya ce yana nuna ƙwallayen. "Igiya ƙarfinsa, tsinke sandarsa. Ni zan riƙa abina, Yaya."

Ta dubi ƙwallayen. Ƙwallon dabino ba ya goguwa da kilina.

A labarin ran nan gulbi ya cika, shanun Hamisu suka faɗa ruwa, ya bi su. Dayis ya ƙi shi ƙiri-ƙiri. Ruwa ya maka shi da dutse, Mas'ud ya ƙirga huɗu da yatsa ya miƙa wa Murtala. Wani kada ya kama shi a ƙafa, ya miƙa biyar. Aka sake jefawa, biyu suka tafi. Saura ɗaya tal a tafin hannunsa, Murtala ya jefa, dayis ya tsaya a kan uku.

Ummukulsum ta yi wuf ta ɗaga takarda. "Tsaya, Yaya Murtala. Ai shina da sauran magani a jaka, ga shi nan na rubuta."

Ƙarya take yi.

"Babu, Yaya," in ji Mas'ud a hankali. "Ya ba tsohuwar nan da maciji ya sara, tun da damina." Lamba ce ba ya riƙewa, labari kam ba ya mantawa. "Kuma na san kina gogewa. Ina jin ƙarar kilina."

Ta dubi Murtala, ya kau da kai. Surajo ya kifa wayarsa a cinya. Ashe duk sun sani, shekara biyu suna kallonta suna shiru. Kunya ta kama ta, sannan baƙin ciki ya danne kunyar.

"Wancan karon a Abare ina asibiti anka kai shi kabari," Mas'ud ya ce. "Da na dawo sai na tarar ba shi. Ba wanda ya gaya mini komi. Yau ku bari in raka shi."

Ya ɗora ƙwallon a hannun Murtala, ya rufe masa yatsu a kai.

Murtala ya riƙe ƙwallon. Sannan ya ci gaba da labari da murya ƙasa-ƙasa: mutanen ruga sun tsamo Hamisu a bakin gulbi, shanunsa duk sun haye, ba wadda ta ɓata. An yi masa wanka, an sa shi a likkafani. Ya tambaya wa zai kama makara.

"Ni," in ji Mas'ud. Surajo ya ce shi ma.

Suka kai shi, suka rufe, suka yi addu'a, Mas'ud ya shafa a fuska da gaske. Sannan ya juyo wajen ƙofa.

"Rubuta, Yaya."

Ta ɗauki fensir. Ta zana sifili a kan 'yar takardar da ta manna, hawaye ya ɗiga a gefensa. Mas'ud ya karɓa ya ninke, ya sa a gwangwani tare da igiya da tsinke, ya rufe.

"Shi ma na Abare," ya ce, "ba ke kinka kashe shi ba. Goyonsa kawai kinka yi."

Shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa faɗa mata haka, don ba wanda ta taɓa gaya wa abin da ke cinta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kuka sosai, suka ƙyale ta har aka kira magariba.