Ɓawon Citta

Shekara ashirin da bakwai Suet Fong tana aikin kula da masu jego a gidajen garin Ipoh, ba a taɓa sallamarta kafin wata ya cika ba. Sai ga shi a gidan Tsohuwa Kok, kwana tara kacal da haihuwa, ana ƙus-ƙus ɗin a nemo wata. Wai maijegon, Pui Yee, matar ɗan tsohuwar, kullum ƙafafunta sanyi ƙalau, alhali citta ake ɗura mata safe da yamma. Wadda aka kora a tsakiyar wata kuwa, ta gama aiki a garin nan.

Abin ya ƙona mata rai, amma ko gezau ba ta yi ba, don ta san hannunta. Cittar ƙosasshiya ce, da kanta ta zaɓo a kasuwa. Daka da tacewa kaɗai ta bar wa tsohuwa, ita ma don ta nace ne.

Washegari Suet Fong ta ajiye wanki, ta leƙa kicin. Ashe tsohuwa da ɓawon take dakawa!

"Inna, ba kya kankarewa ne?"

Tsohuwa ta ce zubar da ɓawo almubazzaranci ne, 'ya'ya biyar ta raina ba ta taɓa yi ba. Oh, ikon Allah! Ko yaron mai kantin magani ya san citta da ɓawonta sanyaya jiki take, sai an kankare take ɗumamawa. Amma ɗan tsohuwar yana tsaye a bakin ƙofa, kuma wa ke tsinka uwa a gaban ɗanta?

"Ɓawon nake so, Inna," in ji Suet Fong. "Da shi zan dafa ruwan wankan maijego. Yaran yanzu ba su iya kankara siriri irin naku ba."

Tsohuwa ta dube ta, sannan ta jawo cokali ta hau kankarewa.

Kwana huɗu, Pui Yee ta fara ture bargo tana gumi. Ranar cikar wata, ana rabon jajayen ƙwai na murnar haihuwa bisa al'ada, tsohuwa ta riƙa shaida wa baƙi cewa ita ta koya wa Suet Fong kankarar citta. Wannan kam ta yi ciwo. Suet Fong ta haɗiye, ta ci gaba da ɗaure kayanta.

A bakin ƙofa tsohuwa ta riƙo hannun rigarta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Watan bakwai kada ki yi wa kowa alkawari. 'Yata ce za ta haihu."