Keken da Aka Hana Haɗawa

"Kaka, da gaske ne kin kusa mutuwa?"

'Yata Yun-yun ce ta yi tambayar, shekarunta biyar, tana tsaye a ƙofar falon maƙwabciyarmu. Na kai hannu zan toshe mata baki, Gwaggo Siu-kim ta ce in ƙyale ta, duk layin nan ita kaɗai ce ta tambaye ta ido da ido.

"Da gaske ne, amma ba yau ba. Yau ina da aiki. Matsa, kin tare mini haske."

Aikin yana shimfiɗe a kan tsohuwar jarida: tayar baya ta kekenta na hawan dutse, an zare sandar da ke ratsa cibiyarta, ga notuna, ga sifana biyu sirara, ga ƙwayoyin boris a kofin shayi, sun yi baƙi ƙirin da tsohon giris. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haɗa tayoyi a wata masana'antar keke a nan Taichung, kuma duk shekara in lokacin guguwa ya wuce sai ta kwance cibiyar ta wanke ta mayar. Bana ta kwance, kafin ta mayar ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa. Likita ya ce zuciya ce. Ta ƙi tiyata. Maganin da aka ɗora ta a kai ya sa hannunta rawa, har ƙwaya ɗaya ta gagare ta ɗauka.

Ɗanta Wen-tai ya ce gara haka, a bar keken a kwance. Ya bi layinmu gida-gida da kwalin kek ɗin abarba, yana sunkuyar da kai yana roƙon kada kowa ya haɗa mata, har mai gyaran keke na bakin titi bai tsallake ba. Ni ma na karɓi nawa kwalin. Ba mugun ɗa ba ne. Duk Asabar yake tuƙowa daga garin Hsinchu da ido ja don gajiya, ya jera mata magungunan mako a ɗan akwati.

"Maman Yun," in ji ta, "ara mini hannuwanki na awa ɗaya. Ido da kai ina da su."

Na ce na yi wa ɗanta alkawari. Ta tambaye ni kek nawa ne a kwalin, na ce goma sha biyu. Ta ce ashe da arha ake samuna, da ta sani da ta ba ni goma sha uku.

Ban yi dariya ba. Na faɗa mata gaskiya: in na haɗa za ta hau dutsen Dakeng, in ta hau zuciyarta na iya tsayawa, kuma ni za a nuna. Ta juya ta nuna mini kujerar da ke fuskantar talabijin, wadda har ta lotsa daidai zamanta.

"Mako uku ke nan ina can. A can ma tsayawa za ta yi. Tunda dole ne, ni zan zaɓi wurin, ba Wen-tai ba."

Na tashi na shiga gidana, na ɗauko kwalin. Saura goma sha ɗaya, Yun-yun ta ci ɗaya. Na ajiye shi a kan teburinta na ce ta mayar wa ɗanta. Sannan na gindaya nawa sharaɗin: hular kwano, waya a aljihu, kuma duk safiyar da za ta fita zan bi ta a babur bayan na kai yarinya makaranta. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a bi ta da igiya. Muka ja, muka ja, daga ƙarshe ta yarda in bi ta, amma in yi nisan da ba za ta ji ƙarar injina ba.

Na zaunar da Yun-yun a bakin ƙofa nesa da kananzir ɗin wankin boris, na ƙirga ƙwayoyin sau biyu, goma sha takwas, don na san 'yata da kai abu baki. Gwaggo ta sa na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na goge da tsumma, na ɗaga kowace a haske ko akwai wadda ta tsage. Na naɗa tsumma a yatsa na kwashe dattin ramin cibiyar har ƙarfen ya fito fari. Da na shafa sabon giris ta leƙa ta ce hannuna irin na surukata ne wurin zuba nama, in ƙara. Na ƙara har ya cika ramin.

Yatsuna sun yi kauri, ƙwayoyin suna suɓucewa. Ta aike ni kicin na ɗauko tsinkayen cin abinci, da su na riƙa ɗauka ina dasawa a cikin giris, tara a wannan gefe, tara a wancan. Sai na zura sandar a hankali don kada ta ture su, na murɗa noti.

Nan muka fi daɗewa. Na ɗaure, ta ce ya yi tauri. Na sassauta, ta ce yana girgiɗi. Ƙarar injinan masana'anta ta cinye mata kunne ɗaya tuntuni, don haka takan dafa ƙarshen sandar a ƙashin haɓarta, ni in juya tayar, ita ta lumshe ido tana jin ta ta ƙashi. Ta ce a bar ɗan motsi kamar kaurin gashi, in an maƙala tayar a jikin keke matsewar za ta cinye shi. Sau bakwai na kwance na sake. A na takwas sai ta miƙo mini tsumma in goge hannu.

Wen-tai ya kira ni ranar Asabar, bayan ya ga keken a tsaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ni ma uwa ce, wata rana zan sani. Na ce na ji, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Safiya tara ta hau. Ba ta taɓa kai ƙololuwa ba, iyakarta rumfar hutawa da ke tsakiyar hawa, inda tsofaffin abokan hawanta ke dafa shayi. Ranar farko ta sauka ta tura keken sau uku, ina hango ta daga nesa ina cizon leɓe, ban matsa ba. Ranar ta biyar sau ɗaya ta sauka. In na iso sai ta gabatar da ni ga tsofaffin da cewa ga 'yar sandan da aka haɗa ta da ita.

Ranar ta tara na tarar da keken jingine da ginshiƙin rumfar, ita tana zaune a benci, ta cire hular ta ajiye a cinya. Wani tsoho ya ce yanzu ta ce a zuba mata shayi, ya juya ya ɗauki buta. Na taɓa kafaɗarta, na ga ba ta numfashi. Na kira motar asibiti, na kwantar da ita na danna ƙirjinta yadda aka koya mana, ina ƙirgawa da ƙarfi har suka iso. Kafin mu sauka ƙasan dutsen ta cika.

An kafa rumfar makoki a layinmu, ta tare rabin titi. Na je na kunna turare na rusuna sau uku. Wen-tai yana tsaye yana miƙa wa duk wanda ya zo ɗan tawul kamar yadda aka saba. Da na zo gabansa sai ya dubi wanda ke bayana ya miƙa masa. Na wuce hannu wofi. Matan layi sun gani, har yau wasu in na tunkaro sai hirarsu ta mutu. Uwarsa ce, yana da ikon ya ƙi kallona har ƙarshen rayuwarsa, kuma ba zan taɓa cewa bai kyauta ba.

Amma ku da kuke karanta wannan, in hanya ta biyo da ku layinmu kuka ga wata mata tana shanya kayan makaranta a baranda, ku gaishe ta ku wuce. Kada wanda ya tsaya ya ce mini da ban haɗa tayar nan ba da tana raye. Na shanye daga ɗanta, ba zan shanye daga gare ku ba.