Gahawar da Ta Huce a Gidan Wilma

"A cire zobban nan," in ji Mista Kessler, yana zagayawa da ƙaramin kwali a hannu. "Ni ban ce ku bar addininku ba. Cewa na yi ku ajiye shi a aljihu zuwa jibi."

Marva Tolman ta murza nata zoben, ya ƙi fita. Ɗan siriri ne na azurfa, irin wanda 'yan cocin Mormon ke sawa, kuma shekara goma sha tara ke nan yana yatsanta. Sai da ta sa yawu. Ba ta jefa shi cikin kwalin ba, ta tura shi aljihun kwat ɗinta.

Su goma sha huɗu ne a tsohon shagon takalman da aka mayar ofishin kamfen. Goma sha ɗaya daga cikinsu bas ɗaya ce ta kwaso su daga jihar Utah, tafiyar awa goma sha shida. Gobe mutanen nan jihar Iowa za su taru unguwa-unguwa su zaɓi wanda zai yi wa jam'iyya takarar shugaban ƙasa, kuma Gwamna Stoddard, ɗan cocinsu, kaɗan ya rage ya kamo na gabansa.

"Kar in ji wani ya kira wani Ɗan'uwa ko 'Yar'uwa a ƙofar mutane," Mista Kessler ya ci gaba. Shi ba ɗan cocinsu ba ne, haya aka ɗauko shi daga babban birni don ya tafiyar da ofishin. "In an tambaye ku daga ina, daga yamma kuke. In an ba ku abu, ku karɓa. Mutanen nan jikokin 'yan Holand ne, ƙin abin hannunsu zagi ne a wurinsu."

"Ko gahawa ce?" Verla Hafen ta tambaya daga baya, don cocinsu ya hana shan ta.

"Ki riƙe kofin mana, Madam. Riƙewar ma an hana ku ne? Gwamna da kansa riƙewa yake yi."

Verla ta zunguri Marva. "Kin ji mutumin nan? Da shi ya raka annabawa, da har yau ba wanda ya san sun zo."

Marva ba ta yi dariya ba, don Mista Kessler ya tsaya a gabanta yana miƙo mata wani farin kati.

"Wilma Vander Ploeg, shekara tamanin da ɗaya. Ita ke tashi ta yi magana a taron unguwarsu, kuma inda ta tsaya, nan matan cocinsu arba'in ke tsayawa. Na tura mata mutanenku biyu, ta ba su gahawa ta sallame su. Ke sa'ar 'ya'yanta ce, kuma kina da irin fuskar da ake yarda da ita. Ki dawo min da sa hannunta a nan, alkawarin za ta goyi bayan Gwamna."

Verla ce ke tuƙi. Hanya ta miƙe tsakanin gonakin masara da ƙanƙara ta rufe, warin gidajen aladu na shigowa duk da gilashi a rufe yake. Marva ta riƙe katin a cinyarta tana juya shi.

"Ke, za ki cinye katin nan kafin mu isa," in ji Verla.

"Gahawar nake tunani."

"Haba 'Yar'uwa Tolman. Au, na manta, an hana. Haba Madam Yamma. Kurɓa ɗaya ce za ta hana ki shiga haikali?"

"Ran ashirin ga wata za a ɗaura auren 'yata Janae a haikali, Verla. Katina na shiga haikali ya ƙare, kuma in ba shi ba a shiga. Lahadin nan zan zauna gaban Bishop ya jero min tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya sabunta min shi. In ya zo kan gahawa da shayi, me zan ce? Ni ba zan iya yi masa ƙarya ba. Kuma ba zan tsaya a wurin ajiye motoci ana ɗaura auren 'yata a ciki ba."

"To kar ki sha."

"In na ƙi, ta gane."

"To ki sha."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, tare da Kessler."

Marva ta juya tana kallon waje. Kwana uku ke nan tana buga ƙofofi. Wani ya tambaye ta mata nawa ne da Gwamna, tsohon gorin da ake wa 'yan cocinsu na tara mata, yana dariya tun kafin ya gama tambayar. Wata ta karɓi takardar da yatsu biyu kamar ta ɗauko ta daga kwata. Ba wanda ya tambaye ta yadda mutumin ya gyara makarantun jiharsa. Mahaifinta, kafin ya rasu, yakan ce ba za su ga ɗan cocinsu a kujerar nan ba a rayuwarsu. Shi ya sa ta bar shirin biki a hannun ƙanwarta ta hau bas.

Gidan fari ne, shi kaɗai a ƙarshen layi. Verla ta ce ita a mota za ta jira, biyu-biyu ma an hana su tafiya, don haka masu wa'azin cocinsu ke yawo. Marva ta hau matakala, ta ƙwanƙwasa sau uku, ta ja da baya taku ɗaya ta ɗan karkace, yadda ta saba tun tana budurwa, lokacin da ta yi wata goma sha takwas tana wa'azi gida-gida.

Tsohuwa ce ta buɗe, doguwa, busasshiya, da rigar sanyi ruwan toka. Ta dubi Marva daga sama har ƙasa.

"Na Stoddard ce ko? Shigo, kin zo daidai ƙarfe goma. Karkaɗe takalmin."

Kicin ɗin da ɗumi. Buta na huci a kan murhu. Wilma ba ta tambaye ta komai ba, ta ajiye kofi biyu, ta cika su, ta turo faranti da kek mai ƙamshin man shanu. Tururin ya bugi fuskar Marva.

"Na gode, Mama."

"Sha tun da zafinta. Daga ina kike?"

"Daga yamma."

"Yamma tana da faɗi, 'yar nan. Har bakin teku yamma ce."

"Wajen duwatsu."

"Uhm."

Marva ta fara abin da ta haddace. Harajin gonaki. Farashin masara. Asibitocin ƙauye da ake rufewa. Wilma na sauraro tana kurɓar tata gahawar, kuma tambayoyinta ba na wasa ba ne. Ta san adadin asibitocin fiye da takardar da ke hannun Marva. Sau biyu ta gyaɗa kai. Marva ta ji zuciyarta ta ɗan saki.

Sai idon tsohuwar ya sauka kan kofin.

Marva ta ɗaga shi da hannu biyu. Ta kai baki, ta datse leɓɓanta, ta karkata shi har zafin ya taɓa leɓenta na sama, ta yi kamar ta haɗiya, ta ajiye. Ta goge baki da sauri da ɗan tsumman da ke gefen faranti.

"Ta yi ɗaci ne?"

"A'a, Mama, ta yi daɗi."

"Uhm."

Ta ci kek ɗin duka, don dai a ga ta ci wani abu. Ta sake ɗaga kofin, ta sake ajiyewa. A karo na uku kofin ya karkace, ɗigo biyu suka zuba a kan katin da ta ajiye kusa da gwiwar hannunta.

"Faston mu ya ce mutanen cocin Gwamna ba Kirista ba ne," in ji Wilma, kamar mai maganar yanayi. "Ni ban sani ba, ban taɓa shiga ba. Ke me kika ce?"

Wannan ma akwai amsarta a takardar Mista Kessler, layi na huɗu. 

"Ni gaskiya ban cika sanin harkar cocinsu ba, Mama. Aikinsa na gwamna shi ya kawo ni."

 Wilma ta shanye ragowar gahawarta, ta ajiye kofin a hankali.

"Ran Talata Gwamnanku ya zo shagon abincin da ke bakin kasuwa. Jikata ke aiki a can, ita ta zuba masa. Minti arba'in yana riƙe da kofi, masu ɗaukar hoto na ta ɗauka. Da ya tafi ta je kwashe kaya, kofin a cike, har ya yi sanyi." Ta miƙa hannu ta jawo kofin Marva, ta leƙa ciki. "Kamar wannan."

"Mama, ni cikina ne..."

"Kar ki ƙara wata, 'yar nan, waɗanda kika yi sun isa."

Marva ta sunkuyar da kai. Kunnuwanta sun ɗau zafi.

"Mijina bai taɓa hawa tarakta ran Lahadi ba har ya mutu. Wata shekara ruwa ya taso, masara na gona, maƙwabta na ta girbi, shi yana zaune a nan yana kallon taga. Mun yi asara. An yi masa dariya a gari. Bai taɓa fita ya tayar da injin don a ji ƙara a ce yana aiki ba." Ta tashi da kofin, ta je ta tuttule shi a wurin wanke-wanke. "Shekara talatin da suka wuce wasu samari biyu masu fararen riguna suka zo ƙofar nan ana zuba ƙanƙara. Na zuba musu gahawa. Ɗayan ya ce, a'a Mama, mu ba ma sha, addininmu ya hana. Ya faɗa kunnensa na ja kamar naki yanzu. Na dafa musu madara. Ban karɓi littafinsu ba, har yau ban yarda da shi ba. Amma yaron nan da zai ce min gobe rana ba za ta fito ba, da na sayi kyandir."

Ta ɗora ƙaramar tukunya a wuta, ta zuba madara.

"Kuma haka suka buga ƙofar, sau uku, suka ja da baya. Ga kuma farin zagaye a yatsanki inda zobe ya zauna."

Marva ta rufe hannun da ɗaya hannun.

"To na faɗa, Mama. Ni 'yar Mormon ce. Kakana ma haka, da kakan kakana."

"A'a. Ni na faɗa, ke kika amsa."

"An ce mana kar mu..." Muryarta ta tashi ba tare da ta so ba. "Kwana uku ana rufe min ƙofa a fuska! In mun faɗa, a ce ba mu da wuri a ƙasar nan. In mun yi shiru, a ce munafukai ne. To ta ina ake so mu bi? Ki gaya min, Mama, ta ina?"

"Ban san ta ina sauran ke so ba. Ni dai tawa ƙofar a buɗe take." Wilma ta ajiye madarar a gabanta. "Maganarsa kan asibitoci ta fi ta kowa, ba zan ɓoye miki ba. Tun ran Talata na ce wa raina, duk wanda ya zo daga wurinsa ya dube ni ya ce ba na sha, zan sa hannu. Ke ce ta uku. Dukkanku kun iya riƙe kofi."

Ta goge ɗigon da ke kan katin da babban yatsanta, ta tura shi gaban Marva, fari kamar yadda ya zo.

"Sha madarar. Da sanyi a waje."

Marva ta sha. Ba ta san me kuma za ta yi ba.

A mota Verla ta rage rediyo. "Yaya? Ta sa?"

"Ba ta sa ba."

"Tsohuwar banza. Kin sha?"

"Ban sha ba. Ko ɗigo."

"To mun gode Allah, ko ba komai za ki sami katin haikalinki. Za ki ga auren 'yarki."

Marva ta jingina da kujera. Tambayoyin Bishop take bi a ranta, ta san su kamar sunayen 'ya'yanta. Tun daga Utah guda ɗaya ta sa a gaba, ta gahawa da shayi. Akwai wata a jerin, gajera, wadda kullum take amsawa tun kafin ya rufe baki: kina yin gaskiya a sha'aninki da mutane?

Waya ta yi ƙara. Mista Kessler ne.

"Ta ƙi ko? Na sani. Addini ne?"

"Gahawa ce."

"Babu gahawa a takardata, Madam Tolman. Haraji, tsaro, addini, ko sauransu. Wanne zan sa?"

"Sa wanda ka ga dama," ta ce, ta kashe.

Verla ta tayar da mota. "Gida na gaba lamba sha biyu ne. Wani Mista De Groot da matarsa."

Marva ta laluba aljihu ta ciro zoben. Sanyi ya kumbura mata yatsu, ya shiga rabi ya tsaya a gaɓa. Ta tura, ya ƙi. Ta ja, ya ƙi.

"Ki cire shi mana, sai an gani?"

"Ja motar, 'Yar'uwa Hafen," in ji Marva, ta bar shi a inda ya tsaya.