Za a Duba

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin akawu, kuma ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Saboda haka, da muka kafa Ƙungiyar Zumuncin Tsofaffin Akawuna a nan Lafia, aka naɗa ni sakatare ba tare da hamayya ba.

Shekaru uku da suka wuce ƙungiya ta yanke shawarar buɗe shafi a intanet, inda za a riƙa sanya sanarwar taro da tarihin 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wanda ya gina mana shafin shi ne Terngu, ɗan ƙabilar Tibi, magidanci mai shagon kwamfuta a hanyar Doma, wanda kuma yake kula da shafukan wasu makarantu uku masu zaman kansu. Ranar da ya kammala, na sa ya miƙa mini kalmar sirri a rubuce, muka sa hannu, sannan na sa ya nuna mini yadda ake canza ta, na canza. Makullin ofis a hannun sakatare yake zama. Haka aka koya mana.

"Baba Sakatare, abu ɗaya ne," in ji shi. "Manhaja da yake riƙe shafin nan, masu shi suna gyara shi lokaci-lokaci. In ka ga jan rubutu a sama ya ce a sabunta, ka danna kawai. In ka bari, kamar ka bar taga a buɗe ne ka tafi ƙauye."

Na ce na fahimta.

Bayan wata biyu jan rubutun ya bayyana. Na zauna na dube shi kusan rabin sa'a. Ban san abin da zai faru in na danna ba, kuma na ji nauyin in tambayi mutumin da na girme wa da shekara ashirin da biyar. Sai na yi abin da na ƙware a kai. Na buga hoton rubutun a takarda, na huda ta, na buɗe sabon fayil, na rubuta a gefe da jan biro: "A sake kawowa bayan wata guda." Wanda zai sake kawowa ni ne, wanda za a kawo wa kuma ni ne. Mun yi aiki tare lafiya.

Terngu ya aiko mini da saƙon imel sau goma sha ɗaya cikin wata goma sha huɗu. Kowanne na buga shi, na ba shi lambar shafi, na adana. Sau ɗaya ya zo har gida a kan babur.

"Baba, ko ka ba ni kalmar, minti biyar ne aikin."

"Ana kan lamarin," na ce masa. Na sa aka kawo masa ruwa.

Wata Talata da safe Nana Khadija, 'yar marigayi Alhaji Abdulsalam, ta kira shugabanmu Alhaji Babandi daga Kaduna tana kuka. Ta buɗe shafin ne domin ta nuna wa 'ya'yanta tarihin kakansu, sai ta tarar da tallar caca a ƙarƙashin hotonsa, da mata cikin shigar da ba ta faɗuwa. Wannan mutum ne da ko dara bai yarda a yi a ƙofar gidansa ba.

Aka kira taron gaggawa, aka kuma kira Terngu. Ya zo da hularsa a hannu, ba a ba shi kujera ba.

"Kai ne ka gina abin nan," in ji Alhaji Babandi. "Wa ya san ƙofofinsa in ba kai ba?"

"Alhaji, ba ni ne na sa ba. Manhaja ya tsufa, shi ya sa ɓarayin intanet suka samu hanya."

"Ya tsufa?" Hajiya Iyatu, wadda ta yi shekara talatin tana buga tafireta, ta cire tabarau. "Ni tafiretata ta girme ka, har yau ba ta taɓa buga caca da kanta ba."

Aka yi dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na murmusa.

"Na rubuta wa Baba Sakatare," in ji Terngu. "Sau da yawa. Shi ya sani."

Kowa ya juyo gare ni. Fayil ɗin yana cikin jakata, jingine da ƙafata ta dama. Na gyara zaman biro a kan littafin taro.

"Za a duba," na ce.

Terngu ya dube ni. Taro ya yanke hukuncin raba shi da aikin, Alhaji Babandi kuma ya ce wajibi ne a sanar da makarantun da yake yi wa aiki, tunda amanar yara ce a hannunsu. Ni na tsara wasiƙar. Ba ta da kuskure ko ɗaya.

Kwana tara na yi ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba. A na goma na wuce ta gaban shagonsa a cikin keken haya mai ƙafa uku, na ga yana zaune a waje shi kaɗai, janareta a kashe da tsakar rana. Na sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a aljihu.

A taro na gaba na ajiye fayil ɗin a gaban shugaba, na nemi izinin karanta shi, na karanta tun daga shafi na ɗaya har na ashirin da shida, da bayanan jan birona duka. Ba wanda ya katse ni, kuma na so a ce an katse.

"Malam Muhyiddin," in ji Hajiya Iyatu bayan na gama, "ranar nan fayil ɗin yana ina?"

"Yana nan, Hajiya. A ƙafata."

Alhaji Babandi ya daɗe yana kallon fanka. Daga baya ya ce in rubuta wasiƙar wanke Terngu, in bayyana sunan mai laifi, kuma in kai wa makarantun da ƙafata.

Biyu sun karɓa, sun ce za su mayar masa da aikinsa. Ta ukun tana Akurba, ita ce mafi girma. Shugabar makarantar, Malama Rahmatu, ta karanta wasiƙar sau biyu, ta ɗago kai.

"Baba, ku ne sakataren da aka ambata a nan?"

"Ni ne."

"Ayya. Ai mun riga mun ba wani tun makon jiya, har an sa hannu."

Daga can na zarce shagon Terngu domin in gaya masa da bakina. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya saurare ni har ƙarshe.

"Baba, na sani tun tuni kana jin tsoron dannawa," ya ce. "Ba komai ba ne wannan, mutane da yawa haka suke. Amma ranar nan matata ya tambaye ni, ya ce wannan dattijo da kake yabo kullum, me ya faɗa? Ban iya gaya masa ba."

Na ce zan koma Akurba in sake roƙonsu. Ya girgiza kai, ya ce wanda aka ba aikin shi ma yana da iyali.