Tsayuwar Baba Illo

"Ɗaga ni, Habibu, ga shi nan tahe."

Na ɗaga shi, don ba ni da yadda zan yi. Baba Illo maƙwabcina ne, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma tun da ciwon ƙirji ya kama shi bayan girbi ni nake ɗawainiya da shi. Ya dafa kafaɗata, ya lalubi ginshiƙin rumfa ya rungume, ƙafafunsa suna rawa kamar karan dawa. Majo, ma'aikacin asibitin da ya zo yi masa ƙarin ruwa, ya tsaya da allura a hannu, ya dube ni, ya ja tsaki, ya mai da kayansa cikin jaka. Ba a yi wa mutum ƙarin ruwa a tsaye, kuma ba yau aka fara wannan ba.

Sai ga sallamar Gwamna.

Gwamna suna ne kawai, tsohon ɗan kokowa ne daga Gabi. Tun kafin a haife ni suka kara da Baba Illo a yashin bakin tafki, daga la'asar har duhu ya shigo ba wanda ya kai wani ƙasa, aka raba su. Ba su sake gamuwa a fage ba. Tun ranar Baba Illo ya rantse Gwamna ba zai taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Da Gwamna ya ji labarin ciwon, ya hau amalanke ya zo, ya sauka gidan 'yarsa a nan Madarunfa, ya mai da dubiya sana'a. Kullum da hantsi yana tsakar gidan, ba ya tashi sai rana ta yi sanyi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ganin mara lafiya a tsaye sai ya ɗauka zuwansa ne ke ƙara masa ƙarfi. Ya faɗa wa Inna Azumi, matar gidan, cewa ta kwantar da hankalinta, ba zai koma Gabi ba sai abokinsa ya warke sarai. Ita kuma ta yi godiya ta kawo masa fura. Wa ke korar wanda ya zo dubiya? Baba Illo kuwa ya ce duk wanda ya tona masa asiri bai yafe ba.

Ni ga gidan kallon ƙwallo ina da shi a bakin kasuwa, ranar Lahadi ce, akwai babban wasa, samari sai kirana suke in zo in tada inji. Garin nan ba a rasa abin yi ba. Yara suna buga ƙwallo a filin lakwal, wato makaranta, ma'aikata suna jifan ƙwallayensu na ƙarfe a inuwar dogonyaro, masu langa suna tsalle bayan tasha, wasu suna iyo a tafki. A wajen Baba Illo duk wannan wasan yara ne, kokowa kaɗai ce aikin maza. Ga ni nan, mai talabijin biyu, na zama abin jinginar kokowar da aka tashi babu kaye shekaru aru-aru.

Wajen azahar leɓunansa suka yi fari. Ina jin numfashinsa a wuyana yana fita da ƙyar. Gwamna kuwa yana kan turmi, ya miƙe ƙafa, yana ba da labarin 'yan kokowar yanzu da suke ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa da tumbi.

Na jingina tsohon da ginshiƙi, na ce wa Gwamna ya zo zaure ya ga wani abu. A can na faɗa masa komai, ban tauna ba. Na ce tsayuwar nan ba sauƙi ba ce, rantsuwa ce, kuma in ya ci gaba da zuwa shi zai kashe shi.

Gwamna ya ce, "Jakin banza. Har yau bai canza ba."

Ya koma ciki ya ce zai tafi, ya miƙa wa Baba Illo hannu. Suna riƙe da juna sai na ga guiwoyin Gwamna sun sauka ƙasa, ya karkace, ya kwanta rigingine a kan turɓaya, hularsa ta gangara gindin randa.

Baba Illo ya leƙo shi. "Maƙaryaci. Ban ja ba."

"Ka ja."

"Wallahi ban ja ba."

"To ƙasa ta ja ni. Na riga ka dai. Kwanta, Illo, mun tsufa."

Baba Illo ya juyo ya dube ni. "Habibu, ka gani?"

Na ce na gani.

"Azumi hwa?"

Inna Azumi ta ce ta gani, kowa ya gani, don Allah ya kwanta.

Na kwantar da shi a gadon kara. Bai fi nauyin damin gero ba. Na hau kabu-kabu na je na yi ta ba majo haƙuri har ya yarda ya dawo. Ya sa allurar, ya rataye robar ruwan a ƙusar rumfa, amma da zai fita ya girgiza mini kai a zaure.

Samari suka gaji da kira suka tafi gidan kallon wani. Ban ma tambayi wa ya ci ba.

Gwamna bai tashi ba. An kawo masa tabarma ya ƙi. Yana kwance a gefen gadon yana ta magana, wai yashin bakin tafki ya fi na ko'ina laushi, wai makaɗin ranar ya fi yi wa Illo kirari don ɗan gari ne. Da farko Baba Illo yana musawa da kai. Daga baya ya daina.

Ana kiran la'asar Inna Azumi ta taɓa goshin Baba Illo, ta yi salati a hankali, ta jawo mayafi ta rufe shi. Gwamna yana nan kwance, turɓaya a furfurarsa, yana kallon ruwan da ya rage a robar.